Dakta, Na Ƙirga Har Talatin

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu tattara mu koma, babba da yaro. A ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, da ƙarfe uku da 'yan mintuna na yamma, Allah ya karɓi ran Dakta, malamar jami'ar da ɗalibai suke kira Uwar Tantabaru. Ta rasu a ɗakin masu ciwon ƙirji na asibiti bayan jinyar wata bakwai. Shekarunta hamsin da ɗaya. Ta bar mahaifiyarta da mijinta da 'ya'ya uku.

Ni ba mai rubutu ba ce. A aji biyu na sakandare karatuna ya tsaya. Ni ce matar da ke share ɗakin bincikenta, nake wanke keji, nake auna tsuntsaye, shekara goma sha huɗu. Manya sun yi magana a kanta, sun faɗi digirorinta da takardun da ta rubuta, kuma duk gaskiya suka faɗa. Amma akwai abin da ba su sani ba, don ba su taɓa wuni a ɗakin nan ba. Akwai kuma saƙon da ta bari a hannuna, na riƙe shi har ya wuce ƙa'ida. Yau zan sauke shi.

Dakta, ranar da aka fara turo ni wurinki na tsaya a bakin ƙofa da bokiti da tsintsiya, wari ya buge ni, na ce a raina ba zan yi sati ba. Kika ɗago daga kan littafi kika tambaye ni shekaruna. Na faɗa. Kika ce, “To kin girme ni da huɗu. Shigo, Yaya.” Tun daga ranar har numfashinki ya ƙare ba ki kira ni da wani suna ba. A gaban shugaban sashe Yaya, a gaban baƙin da suka zo daga nesa Yaya. Ni kuwa bakina ya kasa sakin Dakta, duk faɗan da kika yi.

Bari in bayyana aikin ga wanda bai sani ba, yadda ita ta bayyana mini. Ɗaki ne dogo marar faɗi a ƙarshen barandar bene, keji goma sha shida a jikin bango, kowace tantabara da nata. A ƙurya akwai akwatuna huɗu. Cikin kowane akwai madanni kamar murfin kwalba, da ƙaramar fitila a bayansa, da 'yar taga da hatsi ke leƙowa. In an sa tantabara, fitila ta kama, sai sakan talatin sun cika kafin cakar madanni ta yi amfani. Wadda ta caka kafin lokaci ta wahalar da bakinta a banza. Da talatin sun cika, caka ɗaya, taga ta buɗe, ta ɗan ci tsaba, taga ta rufe, a sake daga farko. Sabuwar tantabara takan yi ta caccaka kamar mai faɗa da ƙofa. Bayan 'yan makonni sai ka ga fitila ta kama, ita kuwa ta juya baya tana gyaran gashi, ta ɗan zaga, sai lokaci ya matso ta dawo, ta fara a hankali, tana ƙara sauri, tana ƙara sauri. Kuma babu agogo a akwatin. Abin da Dakta ta ƙarar da rayuwarta tana nema ke nan: ina agogon yake a jikin halitta, me ke sa ta iya jira, me ke sa ta kasa.

Akwai kuma wanda muke kira zagayen banza. Jefi-jefi sai a kunna fitila, talatin su cika su wuce, hatsi bai zo ba. Da haka ake gane inda tsuntsu ya sa rai da inda yake fid da rai. Yawancinsu in an kai arba'in da biyar ko hamsin sai su haƙura su koma gefe. Ban taɓa son zagayen nan ba. Ita ma ba ta so, amma takan ce a nan halin kowace yake fitowa.

Don aikin ya yiwu, dole a bar su da 'yar yunwa. Kullum da safe ina ɗora kowace a sikeli in rubuta nauyinta, da yamma a cika mata abin da ya rage. A watana na biyu akwai wata ƙarama mai baƙin wuya da take bin hannuna da ido in zan wuce. Zuciyata ta kasa, na riƙa zuba mata tsaba a ɓoye daga aljihun rigar aiki. Bayan kwana biyar kika kira ni, kika nuna mini lambobin da na rubuta da hannuna. “Yaya, wannan baiwar Allah ko dai ta yi sabon miji ba ta gaya mana ba, ko kuma wani yana sonta a ɗakin nan.” Aikin makonni na ɓata miki. Ba ki kai ni ofis ba. Kika jawo kujera kika zaunar da ni, kika sa agogon dannawa a tafina, muka kalli tsuntsu tare har la'asar. Kika ce mai tausayinsu kike so ya riƙe su, sai dai ya san dalilin abin da ake yi. A nan na koyi ƙirga. Yau ko ba agogo, in na ce talatin to talatin ne, da wuya in kuskure da ɗaya.

Ranar da 'yata ta tashi haihuwar fari abin ya zo da gardama, ke kika fita daga tsakiyar taro kika ɗauke mu a motarki. Kika zauna a bencin asibiti da takalmi ƙafa ɗaya, ɗayan ya faɗi wajen ɗaga ta ba ki ma sani ba. Ba ki tashi ba sai da kika ji kukan jariri. Da hawan jini ya kwantar da maigidana, ke kika sa aka sauya mini lokacin aiki, kina wanke kwanonin ruwan tsuntsaye da kanki kina cewa motsa jiki kike yi.

Maigidanki yakan zo ɗaukarki da yamma, ya tsaya a ƙofa ba ya shiga, wai ɗakin yana sa shi atishawa. Daga nan yake tsokana. “Yaya, tambaye ta, ai ni ne tantabararta ta farko. Shekara ashirin ina cakar madanni, har yau ban gane lokacin da hatsi ke fitowa ba.” Ke kuma ko ɗagowa ba kya yi, sai ki ce, “Shi ya sa har yau kake cakawa.”

Yanzu na iso wurin da nake ta kewayewa.

Shekara tara da suka wuce muna da wani namijin tantabara fari mai ɗigon toka, muka sa masa Akawu saboda ƙa'idarsa. Akawu ba ya ɓata caka. Fitila ta kama, ya tsaya ƙiƙam, sai dab da talatin ya miƙa baki. Kika yi murna kamar yarinya. Kika ce ba ki taɓa ganin irinsa ba, kika fara rubutu a kansa, har kin ba abokan aikinki na nesa labari. Wata safiya ina goge ƙasa kusa da akwatinsa, na leƙa ta 'yar kafar da ake kallo, na ga yana karkata kai wajen bango yana ɗan gyaɗawa. Na kasa kunne. A saman bangon akwai tsohuwar fanka mai zuƙe iskar ɗaki ta fitar waje. Wani abu ya kwance a cikinta, tana yin ƙas, ta yi shiru, ta sake ƙas, kowane sakan biyar. Mu mun saba har ba ma ji. Akawu yana ji. Ƙas shida, ya caka.

Na faɗa miki ina jin nauyi, don ban san ko shirme ba ne. Kika kashe fankar kika mayar da shi akwati. Ya rikice, ya koma kamar kowace tantabara. Aikin wata shida ya rushe a gabanki. Can sai kika fashe da dariya har da hawaye, kika rungume ni, kika ce na fid da ke daga kunyar duniya. Da takardar ta fito daga baya kika sa sunana a ƙarshenta, wurin godiya, kika karanta mini kika fassara. Na sa ta a leda na ajiye a ƙasan akwatin kayana. Ba a taɓa karrama ni irin wannan ba, kuma na yi shekaru ina ba dangi labarin.

Daga ranar fanka ba ta ƙara juyawa lokacin aiki ba. Tagogi dama an liƙe su da baƙar takarda, don kada hasken rana ko hayaniyar waje su ba tsuntsaye wata alama. Muna kunna ta in an tashi, har wata rana ta ƙi motsi, mai gyara ya cire ta ya toshe ramin da katako. Kika rubuta a kawo sabuwa marar ƙara. Aka ce an karɓi takarda. Bayan wata takwas wani mutum ya zo da tef ya auna ramin, muka ce to ta kusa. Shekara ta zagayo, wani daban ya zo ya sake aunawa. Wata shekarar aka kira ki kika sa hannu. Duk sa'ad da muka kusa fid da rai, har kin fara cewa za ki saya da kanki, sai wani ya ɓullo da tef. Kin gane abin sarai, har wasa kike yi da shi. “Yaya, mutanen nan sun fi ni iya aikina. Da sun ce babu, da tuni mun san abin yi. Amma ƙwaya ɗaya suke jefo mana jefi-jefi, ga mu muna ta caka.” Muka yi dariya. Dariya muka yi, Dakta, mu biyu, a cikin ɗakin nan.

Jikin tantabara yana fid da wani farin gari mai laushi kamar hoda. In ta kaɗa fiffike sai ka gan shi yana yawo a hasken fitila. Da akwai fanka fita yake yi. Da babu, sai ya sauka a kan tebur, a kan tabaranki, a cikin kofin shayi. In na goge da safe, kafin azahar ana iya rubutu da yatsa a kan teburin, kuma kina yi: in lamba ta zo miki babu biro kusa, nan kike rubuta ta. Kin sayo mini takunkumi kwali guda, kika ce kada in kankare kashinsu ba tare da shi ba. In kika kama ni na sauke shi haɓa saboda zafi, faɗa kike yi sosai. Ke ba kya sawa. Kika ce ai zama kawai kike yi, kuma tsuntsaye suna firgita in fuska a rufe ta ɗauke su, lissafi ya ɓaci. Ni ma in na gama shara sai in cusa nawa a aljihu, in zauna kusa da ke ina riƙe agogo.

Tarin ya fara shekara uku da suka wuce. Busasshe, babu kaki. Kika ce mura ce. In aka yi hutu sai ki warware, ki dawo ki ce ai ga shi, gajiya ce kawai. Sai matakalar bene ta fara gagararki. Hawa goma sha takwas ce. Kina tsayawa a na tara ki buɗe jaka kamar kina neman wani abu. Ni ina bayanki da bokiti, ina yi kamar ban gani ba. Da aka yi hoton ƙirji, abin da likita ya fara tambaya shi ne, “Kina kiwon tsuntsaye?” Ya ce garin nan ne huhu ya yi ta faɗa da shi shekara da shekaru har ya yi tabo ya taurare, kuma tabon ba ya gogewa.

Ranar da na ji wannan bayani na je dubiya na kasa shiga. Na daɗe a baranda. Da na shiga na durƙusa a gefen gado na ce ni ce, da na yi shiru ranar nan da fanka tana nan tana ƙas ɗinta. Kika janye robar iska daga fuskarki. A lokacin magana ta koma kalma biyu, hutu, kalma biyu. “Yaya. Ke kin ji. Ni na kashe. Ni na jira.” Kika ce in sauke kayan da ba nawa ba. Sannan kika zaro ambulan daga ƙarƙashin matashi, takarda ce zuwa ga likitan ƙirji, da sunana a kai. “Na ji ki. A baranda. Tun kafin ki shigo.” Tarina kika ji. “Ki je gobe. Ki faɗa wa ɗalibai. Duk wanda ya zauna. Kada ki jira.”

Na ce to. Ban je ba. Wata biyar takardar tana cikin jakata har gefenta ya yi baƙi. Kullum na zo sai ki tambaye ni da ido, in ce layi ya yi yawa, ko likita ba ya nan. Ƙarya na yi miki. Allah ya yafe mini, ke ma ki yafe. Tsoro ne. Kuma na ce a raina wa zai ba tsuntsaye abinci, tunda an raba ɗalibanki ga wasu malamai? Na ci gaba da shiga ɗakin safe da yamma. In wata rana na tashi ƙirjina wasai sai in ce ai ga shi, ba komai. Kwana ɗaya mai kyau a cikin goma ya ishe ni in ƙara jira. Ni da na shekara goma sha huɗu ina kallon wannan abin a cikin akwati.

Ranar Larabar ina wurin, ni da maigidanki da babbar 'yarki. Tun hantsi numfashinki ya canza. Ki ja, ki tsaya, ki sake ja. Suna addu'a, ni ma bakina yana yi, amma wani wuri a cikin kaina yana ƙirga tsayuwar, ban sa shi ba kuma na kasa hana shi. Takwas. Goma sha biyu. Da azahar ta wuce, ashirin. Sai kika ja wani dogo kika sake. Na ƙirga ashirin, ashirin da biyar. Na kai talatin. Jikina duka ya matsa gaba, don shekara goma sha huɗu in an kai talatin taga buɗewa take yi. Arba'in. Hamsin. 'Yarki ta fara kuka, maigidanki ya sa hannu ya rufe miki ido. Ni ina ƙirga. Na wuce ɗari biyu kafin nas ta dafa kafaɗata.

Bayan kwana goma na ɗauki takardar na tafi. Likitanki ne. Ya gane rubutunki, ya duba kwanan watan da ke sama, ya dube ni. Ya sa na busa a wani bututu har jiri ya ɗebe ni. Ya ɗora abin sauraro a bayana, ya daɗe a ƙasan haƙarƙarin dama. Aka yi hoto. Ya ɗaga shi gaban haske ya ƙura masa ido, sakan arba'in da ɗaya. Sannan ya ce akwai wani hoton babba da za a yi, in dawo ranar Alhamis ta sama, kuma in zo da wani nawa. Ya ce daga yau ko ƙofar ɗakin nan kada in taɓa.

Na taɓa, sau ɗaya. Wani mai kiwo da ke da sarari a saman gidansa ya yarda zai ɗauke su. Kafin ya iso na sa takunkumi biyu, na yage baƙar takardar tagogi, na tura su da ƙyar suka buɗe, na buɗe keji goma sha shida, na zuba hatsi a faranti babu awo. Babu wadda ta kalli taga. Wasu sun ci. Akawu ya tsufa yanzu, ido ɗaya ya yi fari. Ya sauko ƙasa, ya taka har gaban akwatinsa, ya tsaya yana fuskantar ƙofar. A haka mutumin ya ɗauke shi.

Da na fito zan kulle na yi tuntuɓe da kwali a jikin bango. Babba, sabo, da takarda a manne mai sunanki. Masinja ya ce jiya aka kawo, ana neman wanda zai sa hannu. Fanka ce. Ban sa hannu ba. Na miƙa masa makulli na sauko.

To ga saƙon Dakta, ga duk wanda ya taɓa zama a ɗakin tantabaru, ko wata shida ya yi ko shekara uku. Ina tuna ku. Dogon da ke barci a kan littafi da biro a hannu. Wadda ta yi aikinta da tsohon ciki, muna ɗora mata ƙafa a kan buhun hatsi. Mai tsoron riƙe tsuntsu da sai na riƙe masa. Wasunku yau malamai ne, wasu sun yi nisa ban san inda suke ba, wanda ya san inda ɗan'uwansa yake ya isar masa. In matakala ta fara yi maka tsawo, in kana busasshen tari, ko ma ba ka jin komai, ka je a duba ƙirjinka. Ka faɗa wa likita da bakinka cewa ka zauna da tsuntsaye a rufaffen ɗaki, don in ba ka faɗa ba mura zai ce. Kusan wata shida ke nan da ya kamata ku ji wannan daga bakina. Ita ta faɗa a kan lokaci. Jinkirin nawa ne.

Allah ya jiƙanki, Dakta. Allah ya gafarta miki, ya yalwata makwancinki, ya haskaka shi, ya sa jinyar nan ta zama kankarar zunubi. Tausayin da kika yi wa marasa baki da mu ƙananan ma'aikata, Allah ya sa ki tarar da shi a gabanki. Allah ya ba ki iskar Aljanna ki shaƙa a hankali, babu roba, babu tsayawa a tsakiyar magana.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, wadda ta binne 'yar da take zaton ita za ta binne ta. Allah ya sanyaya miki zuciya. Ga maigidanta, da ya yi wata bakwai a kujerar roba bai taɓa nuna gajiya ba, Allah ya saka maka, ya ba ka haƙurin rashi. Ga Babba da ƙaninta da Auta, mahaifiyarku ba ta wuni ba tare da ta ambace ku ba, ni shaida ce. Allah ya raya ku a kan halinta. Ga 'yan'uwanta da abokan aikinta da ɗalibanta, Allah ya ba mu dangana baki ɗaya.

Wanda ya karanta ya yi mata addu'a, in da saura ya sa ni a ciki. Jibi ce Alhamis, 'yata za ta raka ni. Matakalar gidanmu hawa bakwai ce. Jiya na tsaya a na huɗu, na ga hannuna ya buɗe jaka yana neman makullin da ke ɗaya hannun.

Allah ya sa in tamu ta zo mu cika da imani. Amin.